Yadda A Ke Bugun Ƙwallon Golf Da Sandar Katako

  Yau za mu bar ɗakin gwaje-gwaje mu nufi filin wasa, gama akwai ilmi mai zurfi a cikin abubuwan da mutane su ke ɗauka wasa ne kurum. Wasan da za mu duba shi ne golf, wanda waɗansu su ke kira ƙwallon lambu. Na sani akwai da yawa a cikinku waɗanda aiki ko neman ilmi ya kai su Ingila, ko Amurka, ko Saudiyya, har abokan aiki sun taɓa jansu zuwa filin golf, sun kuwa ɗanɗana irin kunyar da wannan ɗan ƙwallo ya ke ba baƙo. To, yau sai mu ga inda kunyar ta ke fitowa, da yadda a ke maganinta.

Bari in fara da ɗan bayani saboda wanda bai taɓa ganin wasan ba. Golf ya daɗe ƙwarai a ƙasar Skotlan, har a 1457, zamanin Sarki James na Biyu, aka yi dokar hana shi, don an ga samari sun bar koyon harbin baka sun koma bin ƙwallo. Cikakken fili yana da ramuka 18. Ko wane rami yana da wurin farawa, daga nan zuwa bakin ramin kuwa ya kan kai yadi 150, ko 400, wani ma ya wuce 500. Wanda ya zagaye ramukan nan duka da bugu mafi ƙaranci shi ya ci. A wurin farawa an yarda mutum ya ɗora ƙwallonsa bisa wani ɗan turke, don ya ɗan rabu da ƙasa. Amma daga nan, inda ƙwallo ya kwanta nan za a buge shi. Tsakiyar hanya a kan aske ciyawarta ta yi gajere ƙwarai, ita ce za mu riƙa kira shararren fili.

Doka ta yarda ɗan wasa ya ɗauki sanda har 14, ban da ƙari. Ko wace sanda tana da doguwar ƙota, da kai a ƙarshenta. Kan yana da fuska, wadda ta ke dukan ƙwallo, da tafi, wanda ya ke zama a ƙasa. Waɗansu sandunan kansu siriri ne kamar ruwan fartanya, su a ke kira na ƙarfe. Waɗansu kuwa kansu mulmulalle ne mai faɗin tafi, su a ke kira na katako, domin a da da itace mai tauri a ke sassaƙa su. Tun 1979, sa'ad da kamfanin TaylorMade na Amurka ya fito da irinsu na ƙarfe, itace ya yi ta ja da baya, har yanzu da wuya ka ga mai wasa da shi, amma sunan yana nan. Babbarsu ita ce mai lamba 1, wadda a ke yin bugun farko da ita daga kan turke. Ƙannenta, masu lamba 3 da 4 da 5 da 7, su ne na shararren fili, a kansu kuma za mu yi magana.

Aikin sandunan nan shi ne su ɗauki ƙwallo daga ƙasa su kai shi nesa. A 1935, a gasar Masters ta garin Augusta a Amurka, Gene Sarazen yana bayan Craig Wood da bugu uku a ranar ƙarshe. Da ya zo rami na 15, ƙwallonsa na kwance yadi 235 daga ramin, ga kuma ruwa a tsakani. Ya zaro katako mai lamba 4 ya buga, ƙwallo ya haye ruwan, ya gangara, ya faɗa rami. Da bugu ɗayan nan ya cike tazarar duka, washegari aka sake kara su, ya ci. Sarazen kuwa ba wani ƙato ba ne, tsawonsa bai wuce ƙafa 5 da rabi ba.

Ni kuwa ranar da na fara riƙe katako mai lamba 3, a wani fili a arewacin Ingila, abin ya sha bamban. Na duba fuskar sandar na ga kamar a miƙe ta ke, na duba ƙwallo na gan shi manne da ƙasa, sai zuciyata ta ce mini, in ban taimake shi ba, ba zai tashi ba. Na jingina baya, na yi kamar zan kwashe shi da ludayi in watsa sama. Ƙwallo ya ruga cikin ciyawa kamar ƙadangare, ya tsaya bai fi yadi 40 ba. Na sake, wannan karon na haƙo ƙasa a bayan ƙwallon, hannuna ya yi tsami. Mutum uku na tsaye a bayana suna jira in wuce, ba wanda ya ce uffan, shirun nan kuwa ya fi dariya ciwo. Na ɗauka kuskure biyu na yi. Sai daga baya, da na karanta abin da masana su ka auna, na gane ashe kuskure ɗaya ne.

Abin Da Ke Ɗaga Ƙwallo

Abu na fari da ya kamata mu sani shi ne, fuskar sandar ba a miƙe ta ke ba. Ta ɗan kishingiɗa baya. A katako mai lamba 3 kishingiɗar ta kan kai wajen digiri 15, a mai lamba 5 wajen 18, a mai lamba 7 kuwa wajen 21. Idan fuska mai wannan kishingiɗa ta haɗu da ƙwallo, abu biyu ke faruwa. Ƙwallon ya kan fita yana ɗan hawa sama, sa'an nan, da ya ke fuskar ta gogi ƙasansa, ya kan fita yana juyawa da baya, watau kamar ƙafar keke da a ke turawa baya. Na'urorin kamfanin TrackMan na ƙasar Danmak, waɗanda ke bin ƙwallo da rada, sun nuna cewa gwanayen 'yan wasa maza su kan fitar da shi daga katako mai lamba 3 yana hawa da wajen digiri 9 kurum, yana juyi wajen sau 3,600 a minti, watau sau 60 a daƙiƙa guda.

Digiri 9 ba wani hawa ba ne. To, me ke kai ƙwallon sama har ya wuce tsawon dogayen itatuwa? Juyin nan ne. Tun 1852 wani masani Bajamushe, Gustav Magnus, ya nuna cewa abu mai juyawa a cikin iska ya kan karkata gefe guda. A shekarun 1890 kuma Peter Guthrie Tait, shehun malami a jami'ar Edinbara, ya yi lissafin tafiyar ƙwallon golf, ya tabbatar ba zai kai inda ya ke kaiwa ba sai da juyin baya. Tait yana da dalilin sa ido, gama ɗansa Freddie gwanin golf ne, ya ci babbar gasar 'yan sha'awa ta Birtaniya a 1896 da 1898. Ga yadda abin ya ke. Sa'ad da ƙwallo ke tafe yana juyawa da baya, samansa yana tafiya tare da iskar da ke wuce shi, ƙasansa kuwa yana karo da ita. Saboda haka iskar sama ta kan bi jikinsa ta lanƙwasa ƙasa a bayansa. Ƙwallo ya tura iska ƙasa, iska ta tura ƙwallo sama, kamar yadda fiffiken jirgin sama ya ke yi.

'Yan gurabun nan da ku ke gani a jikin ƙwallo, waɗanda su kan kai 300 ko 400, su ma suna da aiki. 'Yan wasan da su ne su ka lura tsohon ƙwallo mai tabo ya fi sabo sumul tafiya. Gurabun su kan sa siririyar iskar da ke manne da ƙwallo ta daɗe ba ta rabu da shi ba, jan da ta ke yi masa baya ya ragu. Ƙwallo sumul ba ya yin fiye da wajen rabin tafiyar mai gurabu.

Kun ga ke nan, maƙerin sanda da maƙerin ƙwallo sun riga sun gama aikin ɗagawa tun kafin ɗan wasa ya fito daga gida. Abin da ya rage masa shi ne ya kawo tsakiyar fuskar sanda bayan ƙwallo, a guje, tana kallon inda ya nufa.

Lilo Da Reshe

A nan ne wuyar ta ke. Doka ta ce kaurin ƙwallo kada ya gaza inci 1.68, watau tsakiyarsa ba ta kai inci guda daga ƙasa ba. Fuskar katakon shararren fili kuwa tsawonta daga tafi zuwa sama bai wuce wajen inci ɗaya da rabi ba. In kun haɗa biyun nan za ku ga tsakiyar fuska ba za ta sami ƙwallo ba sai tafin sanda yana shafar ƙasa a daidai lokacin bugu. In tafin ya tashi ko da rabin inci ne, gefen fuska na ƙasa ne zai sami ƙwallo a ciki ko a ka, ya danne shi ya ruga cikin ciyawa.

Ku tuna da lilon da yara ke ɗaurawa a reshen itace. Yaro ya taho daga sama ya gangaro, ya wuce kusa da ƙasa, ya sake hawa. Wuri ɗaya tak ne ya ke kusantar ƙasa, shi ne daidai ƙarƙashin reshe. Kan sandar golf haka ya ke tafiya. Ga na-dama, reshen lilonsa yana wajen kafaɗarsa ta hagu. Inda kafaɗar nan ta ke a lokacin bugu, a ƙarƙashinta sanda za ta shafi ƙasa. Idan mutum ya jingina baya, nauyinsa ya zauna bisa ƙafar dama don ya kwashi ƙwallo, ya ja reshen baya ke nan, ƙasan lilo ya koma bayan ƙwallo. Daga nan ɗayan biyu ne. Ko sanda ta caki ƙasa tun ba ta iso ba, ƙarfinta ya ƙare a can, ko ta tsallake ƙasar ta iso ƙwallo tana hawa. In ƙasan lilon ya koma baya da taƙi guda, kafin sanda ta iso ta riga ta tashi wajen rabin inci. Haƙar ƙasa da dukan ƙwallo a ka, uwarsu ɗaya ubansu ɗaya.

Awon rada ya nuna gwanaye akasin haka su ke yi. Maza su kan sami ƙwallo da katako mai lamba 3 sandar tana gangarowa da digiri 2 ko 3, mata kuwa da wajen digiri 1. Gangarar kaɗan ce, ido ba ya ganinta, shi ya sa malaman golf su kan ce a share ƙwallo kamar da tsintsiya. Amma ma'anarta ita ce, ƙwallo a ke fara samu, sa'an nan ciyawa, ƙasan lilo yana ɗan gaban ƙwallo.

Wani zai ce, to, ba sai in gyara da hannu a lokacin bugun ba? Ba dama. A 1968 aka buga littafin Alastair Cochran da John Stobbs mai suna The Search for the Perfect Swing, wanda ya tattara binciken da waɗansu masana na Birtaniya su ka yi shekaru suna yi. Sun nuna cewa sanda da ƙwallo ba su haɗuwa fiye da rabin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. A ɗan lokacin nan ƙwallo mai nauyin giram 46 ya kan tashi daga kwance ya kai gudun mil 160 a sa'a a hannun gwani, ƙarfin da ke matse shi kuwa ya fi nauyin buhu 6 masu kilo 100. Ɗan Adam yana bukatar wajen kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa kafin ya ji abu ya motsa dominsa. Kafin nan ƙwallo ya yi yadi 15. Saboda haka duk gyaran da za a yi, sai a yi shi tun wajen tsayuwa da wajen horon jiki. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Horo Biyar

Na fari, tsayuwa. Ka buɗe ƙafafu su ɗan fi faɗin kafaɗa. Ka sa ƙwallo ya zama wajen inci 2 ko 3 daga diddigen hagu, ta ciki. Mutane da yawa su kan kai shi daidai diddige, kamar yadda a ke yi wa mai lamba 1, alhali wancan bisa turke ya ke, ana so a same shi sanda na hawa. Ka ajiye tafin sanda ya zauna lafiya a ƙasa, ka bar fuskar da kishingiɗarta. Bahago sai ya juya duk abin da na faɗa.

Na biyu, ka ja layi a ƙasa, ko ka shimfiɗa zare, ka tsaya kamar ƙwallo yana bisa layin, ka riƙa kaɗa sanda ba ƙwallo. Ko wane karo ka duba inda ta shafi ciyawa. Abin da a ke so shi ne shafar ta fara a kan layi ta yi gaba. In ta fara a baya, nauyinka bai koma ƙafar hagu da wuri ba. Ka yi goma ka ƙidaya nawa su ka yi daidai, ka rubuta, gobe ka sake. Wannan horo ba ya bukatar filin golf, bayan gida ma ya isa.

Na uku, ka kawo ƙwallo, ka ajiye busasshen ganye wajen inci 3 a gabansa, ka ƙudura a ranka ganyen za ka share. Wanda ya sa ido ga ganye ya kan manta da ɗaga ƙwallo, jikinsa ya tafi gaba da kansa, ƙasan lilo ya koma inda ya kamata.

Na huɗu, ka shafa alli ko hoda a fuskar sanda, ka buga, ka duba tabon da ƙwallo ya bari. Gani ya kori ji. In tabon yana ƙasan fuska, ƙwallo zai fita ƙasa-ƙasa da juyi fiye da kima. In yana can bakin kai, nesa da ƙota, kan ya kan ɗan murɗe, ya ba ƙwallo juyin da ke karkata shi hagu ga na-dama, in kuwa yana kusa da ƙota, sai dama. Don rage wannan ne a ke yin fuskar katako da ɗan tudu a tsakiya. Idan tabon ya watsu ko ina, ka sauko da hannu inci guda a ƙota. Katako mai lamba 3 ya kan kai inci 43, ya fi ƙarfe mai lamba 7 da wajen inci 6, ƙarin tsawo kuwa ƙarin wuyar saiti ne. Amma a lura, wannan dabara ta wurin horo ce kaɗai, doka ta hana shafa wani abu a fuskar sanda a cikin wasa.

Na biyar, sauri. Da mutum ya ga nisa sai ya ɗaure jijiya ya fizgo sanda, reshen lilo ya yi ta rawa. An auna gwanaye an ga lokacin da su ke ɗauka wajen ɗaga sanda ya kan ninka na saukowa wajen sau uku. Ka ƙidaya ɗaya, biyu, uku kana ɗagawa, huɗu ka buga. Ka yi da kashi uku cikin huɗu na ƙarfinka, ka ƙare da nauyinka bisa ƙafar hagu, ƙirjinka na kallon inda ka nufa, ka tsaya haka har ƙwallo ya sauka. In ba ka iya tsayawa ba, ka san ka wuce gona da iri. Bugun da ya sami tsakiyar fuska da matsakaicin ƙarfi ya fi na gefe da dukan ƙarfi tafiya.

Zaɓen Sanda

Saura magana ɗaya, ita ce mutane ba su so su ji. Ɗagawar da iska ke yi wa ƙwallo tana ƙaruwa da gudunsa da juyinsa. Gwani ya kan kaɗa katako mai lamba 3 da gudun da ya wuce mil 100 a sa'a, shi ya sa digiri 15 ta ishe shi. Wanda gudun sandarsa bai kai haka ba, ƙwallonsa ba ya samun isasshiyar ɗagawa, ya kan faɗo tun tafiyarsa ba ta ƙare ba. Irin wannan mutum sau da yawa mai lamba 5 ta fi kai masa ƙwallo nesa, ga ta kuma ta fi gajarta, ta fi sauƙin saiti. Ba abin kunya a ciki. Dustin Johnson, wanda ya ci gasar Masters a 2020, yana cikin masu ƙarfin bugu na zamaninsa, duk da haka da katako mai lamba 7 a jakarsa ya ci ta.

Har wa yau sai a duba kwanciyar ƙwallo. In ya nutse cikin doguwar ciyawa, ko ya faɗa wani gurbi, tsakiyar fuska ba za ta same shi ba, gara a ɗauki sandar ƙarfe a fito da shi. In kuwa ƙasa ta bushe ta yi tauri, kamar yadda ta kan yi a filayen ƙasashe masu zafi da rani, faffaɗan tafin nan ya kan yi tsalle in ya fara taɓa ƙasa, saboda haka sai a ɗan ja ƙwallo baya da inci guda, a tabbata shi aka fara samu.

Ni dai horon layi da na ganye na riƙe, minti goma ko wace yamma. Ban zama Sarazen ba, amma yanzu in na buga goma, bakwai ko takwas su kan tashi, na bayana kuma sun daina dogon jira. Wanda ya ke da sanda a gida, ya ja layinsa yau, ya ƙidaya goma, ya rubuto mana abin da ya samu bayan wata guda. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda zafi da tsawon ƙasa bisa teku su ke canja tafiyar ƙwallo a cikin iska. Kafin nan, ku huta lafiya.